Arba'in da Biyar ɗin Yaya Hollis

Yayana Hollis Tackett bai taɓa harbin mutum ba, kuma iyakar sanina ɓarawo bai taɓa leƙa ko dangar gidansa ba. Amma tun ranar da aka yarje wa mutanen Oklahoma su riƙa yawo da bindiga a ƙarƙashin riga, ƙugunsa bai ƙara zama babu ƙarfe ba. Wai a ɓoye take. Duk garin nan babu wanda bai san inda take ba, don nauyinta ya sa yana tafiya a karkace ta dama, har jikoki sun koyi rungumarsa ta hagu.

Ni ce ƙanwarsa, Opal. Tela ce ni, shagona yana bayan gidana, kuma babu wandon dattijo a garin nan da bai taɓa ratsa kekena ba. Shi kuwa Yaya, aikinsa har ya yi ritaya shi ne kai iskar gas gidajen ƙauye da tanka. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa. Ga taurin kai kuma, wanda daga wajen mahaifinmu muka gada mu duka, sai dai shi ya kwashi kaso mafi tsoka.

Bindigarsa gajeriya ce mai cin harsashin arba'in da biyar, wannan mai kauri kamar babban yatsa. A wurin Yaya duk harsashin da bai kai shi ba abin wasa ne. In aka ce mili tara, sai ya ce ta 'yan birni ce masu shan kofi da madarar waken suya. In kuwa tsautsayi ya sa wani ya ambaci uku-tamanin, wadda ta fi su ƙanƙanta, ranar ya shiga uku.

"Uku-tamanin?" Yaya zai ce. "Ai gara ka watsa wa ɓarawo gyaɗa, aƙalla zai tsaya ya tsince."

Da labarin harbe-harbe a wasu majami'u ya yi yawa a talabijin, dattawan cocinmu suka ware maza huɗu su zama masu gadi ranar Lahadi. Yaya aka ba shugabanci, aka ba shi kujerar ƙarfe a bakin ƙofa, inda yake ganin mai shigowa yana kuma ganin jama'a. Shi ya kafa musu dokoki biyu. Ta farko, duk kaka in an gama ɗaure ciyawa, kowa zai je makiyayar Dewey ya harbi farantin takarda da bindigar da yake zuwa da ita coci, wanda ya kuskure ya sauka. Ta biyu, lambar harsashinka dole ta fara da huɗu.

Dewey ɗin nan abokinsa ne tun suna firamare, kuma tun lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Shi aka ba ƙofar gefe, wadda ba mai bi sai mai zuwa bayan gida, kuma bai taɓa ɓoye cewa kujerar Yaya yake so ba.

Ku zo gidan abinci bayan an tashi coci ku ga ikon Allah. A cikin su huɗun babu mai yarda ya juya wa ƙofa baya, saboda haka duk sai su jeru a gefe ɗaya na tebur, ƙartai huɗu a kan benci na mutum uku, suna cin tarwaɗa da soyayyiyar kuɓewa gwiwar hannu tana karo da gwiwar hannu. Mu mata muna ɗaya gefen, kowace da filinta. Ban taɓa ce musu su gyara ba, don ni abin ya yi min daidai.

Da matarsa Nadine ta rasu, na zaci Yaya ma binta zai yi. Ya daina aski, ya daina girki, in na je sai in tarar da shi zaune a ɗakin girki da hular barci da rana tsaka. Abin da ya tashe shi kujerar nan ce. Ranar Asabar zai goge riga, ya aske gemu, ya share bindiga, don gobe akwai wurin da in bai je ba za a ga babu kowa. Ina yi wa kujerar dariya a gabansa, amma a raina na san ita ke riƙe min da ɗan'uwa.

A bazarar bara ya shigo shagona da rigunansa a hannu.

"Ki cire min maɓallan nan ki sa na ƙarfe masu ɗas-ɗas," ya ce. "Su ake yayi."

"Yaya, yaushe ka fara bin yayi? Hular kanka ta girmi fastonmu."

"Ke dai ki sa."

Da ya miƙo rigunan na ga yatsunsa. Gaɓoɓin sun kumbura, babban yatsan dama ya lanƙwashe. Amosanin gaɓɓai ne irin na mahaifiyarmu, na san shi sarai. Na karɓi riguna na ce ya dawo jibi, ban ƙara ko kalma ba, don in ka nuna wa Yaya ka ga rauninsa to ka rasa shi na wata guda.

Ana cikin yankan ciyawa, wata ranar Talata na kai masa wake da burodin masara. Tun daga hanya nake jin ƙarar harbi a bayan gida. Na zagaya na same shi tsaye, ga faranti a jikin turken danga fari tas ko ƙwarzane babu, ga tankin ruwan shanu can gefe yana tsartuwa ta huda biyu. Shanun sun taru suna kallo.

"Iska ce," ya ce tun kafin in buɗe baki.

Na dubi bishiyoyi. Ko ganye ba ya motsi.

"Lallai iska ce," na ce. "Har ta so ta kwashe min wake."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon tankin, sannan ya ce, "Opal, in nan ce kujerata, farantin can shi ne mugu, wa ke zama a inda tankin yake?"

Na auna da ido. "Yaran makarantar Lahadi."

"Haka na lissafa," ya ce.

Ba wai ya manta harbi ba ne. Bindigar ce in ta tashi take dukan hannun, hannun kuma ya fara jin tsoronta, sai ya zille tun kafin ta tashi. Ya shiga gida ya fito da wani ɗan akwati. Libarbar Nadine ce, 'yar ƙarama mara nauyi kamar gwangwanin kifi da aka cinye, wadda ya saya mata kyautar cikar shekarun aurensu. Rabin matan garin nan irinta gare su, don duk mijin da ya zo neman shawara abu ɗaya Yaya ke faɗa masa: ka saya mata ƙarama mara nauyi, ita ce ta mata.

"Gwadawa kawai zan yi in ga ko ta yi tsatsa," ya ce.

Ya harba sau ɗaya. Ya ajiye ta a kan turke da sauri, ya cusa hannu a hammata, ya dinga zagaye yana faɗin wasu kalmomi da ban san dattijon coci ya san su ba. Abin da bai taɓa tsayawa ya yi tunani ba shi ne, bindiga in ba ta da nauyi babu abin da zai shanye shurinta sai hannun mai riƙe da ita. Shi kuma bai taɓa harba ta ba, don ta mata ce.

"Wannan ai shurin jaki take yi!" ya ce. "Wannan Nadine ke harbawa duk Asabar?"

"Ita ce."

"Ba ta taɓa cewa da zafi ba."

"Kai ne ba ta faɗa wa ba. Duk ranar da kuka dawo, gidana take wucewa ta ɗauko ƙunshin wake daga firiza ta ɗora a hannu, muna hira."

"To me ya hana ta faɗa?"

"Ta ce kai ka zaɓo mata. Kuma in ta faɗa, za ka daina tafiya da ita."

Na daɗe ina so in gaya masa wannan maganar da zafi, don haushin abin ya daɗe yana cina. Da na ga fuskarsa sai haushin ya tafi, tausayi ya maye. Ya mayar da libarbar cikin akwati, muka shiga muka ci wake.

Ranar Juma'a ya yi min hon a ƙofar gida.

"Shigo mu je. Lokaci ya yi da za ki mallaki bindiga."

"Ni? Almakashina ya ishe ni."

"Mace ita kaɗai a gida, ba tsari. Shigo."

Akwai shagon bindiga a garinmu, akwai wani a garin gaba. Yaya ya wuce su duka, ya yi ta tuƙi har muka kusa shiga Arkansas, sannan ya tsaya a wani shago mai filin gwaji a baya. Ya ja hula har kan hanci. A kan kanta muka tarar da wata mata mai suna Darla, sa'ar 'yarsa, tana cin gyaɗa.

"Ƙanwata nake nema wa," ya ce da ƙarfi yadda na bayan shago ma zai ji. "Tsohuwa ce, hannunta ba ƙarfi, ga amosani."

Na dubi hannuwana da ke yanka yadin tanti kullum. Darla ta dubi nawa, ta dubi nasa, ta ajiye gyaɗarta.

"Allah sarki Mama," ta ce. "To kar mu wahalar da ita. Baba, kai ka gwada mata mana, tunda ka san kan abin."

Ta fara ba shi wata 'yar mili tara. Ya kama saman zai ja baya ya ɗana, abu ya ƙi. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wannan ta lalace," ya ce.

"Haka suke zuwa wani lokaci," in ji Darla, ta karɓa ta ɗana da yatsa biyu a ƙarƙashin kanta inda ta zaci ba ya gani. Sannan ta ɗauko wata. "Ga wannan. Ba ƙarama can ba ce, tana da ɗan jiki, saboda haka ba ta shuri. Samanta kuma laushi gare shi."

"Me take ci?"

"Uku-tamanin."

Yaya ya ja da baya kamar an miƙo masa mataccen ɓera. Na ce, "Yaya, ai ni ce zan riƙe, ba kai ba. Ni gyaɗa ta ishe ni."

Ya harare ni, ya karɓa. Muka fita filin gwaji, Darla ta rataya takarda. Ya ɗana, ta ɗanu ba gardama. Ya harba, ya tsaya yana jiran zafi, zafi bai zo ba. Ya sake harbawa, ya sake, har gidan harsashi ya ƙare. Da aka jawo takardar, hudojin duk sun taru a tsakiya, tafin hannu zai rufe su. Na ga yana so ya yi murmushi yana hana kansa.

"To Opal, ya kika ji ta?"

Ko taɓa ta ban yi ba. "Ta yi min daidai, Yaya. Ban ji komai a hannuna ba."

"Da sunanka za a saya dai ko, Baba?" in ji Darla.

"E, ni zan riƙa ajiye mata."

A hanyar dawowa murnar ta gushe. Lambar harsashin sabuwar bindiga ta fara da uku, dokar kuma ta ce huɗu. Na ce ya tara su ya ce an soke dokar, tunda shi ya kafa ta. Ya ce wanda ya kafa doka ba ya soke ta ranar da ta zo kansa. Na ce to ya je gwaji da tsohuwar, ko Allah zai sa ya dace, ranar Lahadi kuma ya sa sabuwar, wa zai leƙa ƙarƙashin rigarsa? Ya taka birki a tsakiyar titi ya juyo ya kalle ni.

"Wane irin mutumin banza ne zai yi haka?"

Na kalli taga na ce ban sani ba.

Ranar gwaji makiyayar Dewey ta cika. Mata sun jera tebura da naman gashi da shayi mai ƙanƙara, fasto yana riƙe da faranti, karen Dewey kuma ya shige ƙarƙashin mota tun da ya ga an fara toshe kunne. Dewey ya fara. Kowane harbi sai ya yamutsa fuska kamar mai ciwon haƙori, amma ya samu faranti da ƙyar a gefe-gefe. Orval mai gyaran taya ya biyo, sai Lonnie mai kiwon kaji, duk da manyan bindigoginsu, ƙasa tana girgiza.

Yaya ne na ƙarshe. Ya tsaya, ya ɗaga gefen riga, ya zare. Tas. Tas. Tas.

Karen ya fito daga ƙarƙashin mota ya yi miƙa.

"Hollis," in ji Dewey, yana cire abin kunne, "ka fara ne, ko tari ka yi?"

Aka kwashe da dariya, har da fasto da ya yi ƙoƙarin mayar da tasa atishawa. Yaya bai kula ba, ya ƙarasa harbinsa. Aka kawo faranti, tsakiyarsa ta cinye, gefen ko ɗigo babu. Ya mayar da bindiga kube, ya gyara riga, ya juyo ya fuskance su.

"Kun gani da idonku. Uku-tamanin ce. Hannuna ya daina ɗaukar babbar, kuma ba zan zauna a bayan yaran mutane da abin da ba na iya sarrafawa ba. Doka ta fitar da ni. Dewey, kujera taka ce."

Dariya ta ɗauke. Ni dai na san gidan da zai koma da irin zaman da zai yi a ciki. Dewey, wanda ya yi shekaru yana jiran wannan rana, ya sunkuyar da kai yana haƙa ƙasa da takalmi.

Sai Maxine matar Dewey ta ajiye cokalin miya. "Dewey," ta ce, "ko ka fito da ita, ko in zo in fito da ita da kaina."

"Haba Maxine, a gaban mutane?"

"A gaban fasto ma."

Dewey ya sa hannu a aljihun wando ya zaro wata 'yar mitsitsiyar uku-tamanin da ba ta kai rabin ta Yaya ba. Ya ce babbar tana danne masa ƙoda, tun bayan aikin da aka yi masa ba ya sa ta sai ranar gwaji. Orval ya yi tsaki, ya durƙusa, ya naɗe ƙafar wando, ga mili tara ɗaure a idon sawu. Lonnie ya ce shi tasa ashirin da biyu ce, wadda ko uku-tamanin ba ta kai ba, amma yana roƙon kar a gaya wa surukinsa.

Na zaci Yaya zai ji sanyi a ransa. Ina! Fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Kuna nufin duk shekarun nan ni kaɗai nake tafiya a karkace? Ni kaɗai? Likita har hoton ƙugu ya yi min!" Ya juyo kaina. "Ke kuma, kin sani?"

"Wa kake tsammani ya sa musu yadin tanti a aljihu don kar bindiga ta huda shi?"

"Kika yi shiru!"

"Aikina ɗinki ne, Yaya, ba kai rahoto ba."

Fasto ya ce shi a ganinsa doka ta biyu ta mutu da kanta, sai a yi mata addu'a. Yaya ya ce ya yarda, amma ta farko tana nan da ranta: da abin da kake zuwa coci za ka harba. Ya sa aka kafa sababbin faranti. Orval da Lonnie suka tsallake. Dewey kuwa 'yar mitsitsiyarsa ta dinga tsalle a hannunsa, farantinsa ya fito fes, Maxine ta karɓa ta zuba masa nama a ciki. Aka ba shi zuwa Kirsimeti ya gyara.

"Ka je wajen wata yarinya Darla," in ji Yaya. "Ka ce Maxine kake nema wa."

A mota muna komawa ya yi ta fito har muka wuce gada. Daga nan ya riƙe sitiyari da hagu, ya ɗora hannun dama a cinya yana buɗe shi yana rufewa.

"Opal."

"Na'am."

"Wannan ma wata rana za ta fi ƙarfina."

"Da saura, Yaya."

"Ban ce yau ba. Amma ni ba zan gane ba, kin san halina, zan ce iska ce. In kin ga lokaci ya yi, ke za ki faɗa min. Kar ki bari su Dewey su riga ki, kar kuma ki yi min irin shirun da kuka yi min ke da Nadine."

Na ce na yi alkawari.

Yana nan a kujerarsa har yanzu, da rigarsa a goge, yana hararar duk baƙon da ya shigo da babbar jaka. Ranar Lahadin da ta wuce na waiwaya ana tsakiyar waƙa, na ga littafin waƙa ya suɓuce daga hannunsa na dama, ya tare shi da gwiwa, ya duba ko wani ya gani. Muka haɗa ido. Ya ɗaga min gira yana tambaya, ni kuma na juya na ci gaba da waƙa. Ban ce masa komai ba tukuna.